Ishaya Gaba, Ni Baya

Da sunan Allah mai rahama nake buɗe wannan takarda. Shi ya fitar da ni daga Yekuwa, shi kuma ya maido ni. Sunana Habu. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, ɗan rubutun da na iya a zauren mahaifina na koye shi, ajami ne, kuma da shi na fara rubuta wannan labari kafin a juya mini shi zuwa boko. Ba labarin arziki ba ne, don ban samo ba. Labarin wani mutum ne da na yi shekara biyu ina bin bayansa.

A tashar motar garin Bobo na fara sanin na bar gida. Wani ɗan kamasho mai fara'a ya sayar mana, ni da wasu matafiya, da tikitin kar, wato motar fasinja, mai zuwa Abijan, ya nuna mana inuwar da za mu jira, ya ce yanzun nan motar za ta iso. Kwana biyu muka yi a wannan inuwa. Ba mota, ba ɗan kamasho. Garin da matata ta ƙulla mini ya ƙare, bakin mutanen wurin kuma ban ji ko kalma ɗaya ba. Ina zaune na haɗa kai da gwiwa sai na ji wani a bayana yana cewa, da Hausar gidanmu sak:

"Wannan tikiti dai ko hura wuta ba zai yi ba."

Na waiga. Wani dogo ne baƙi, mai wushirya, yana jujjuya takardar a hannu.

"Bawan Allah, mutumin ina?" na tambaye shi.

"Dungas. Kai fa?"

"Yekuwa."

"Yekuwa! Ku ne masu kawo mana wake kasuwa kuna rantsuwa ba ƙwaro a ciki, a kai gida a tarar ƙwarin sun fi waken yawa."

Dariyar da ban yi ba tun da na fito, ranar na yi ta. Ya ciro burodi ya raba biyu, ya miƙo mini babban ɓangaren. Da azahar ta yi na ce ya tashi mu yi salla. Ya ce, "Je ka yi, Malam, ni zan tsare maka jaka. Sunana Ishaya."

Na san akwai wasu gidaje a Dungas da suke bin addinin Kirista tun zamanin kakanni, amma ban taɓa cin abinci da ɗayansu ba. Na yi sallata ina satar kallon jakata. Allah ya yafe mini wannan. Da na sallame na tarar ya ɗora ta a cinyarsa don kada ƙasa ta taɓa ta, saboda ya ga na sa littafin addu'o'ina a ciki.

Daga Bobo a bayan kamyon, babbar motar albasa, muka shiga Kodebuwa. Kowane shinge jandarma su sauke mu, su duba takardu, su jera mu a rana. Ishaya yana jin Faransanci kaɗan, shi yake yi mana magana mu biyu. Tun a hanyar nan ya laƙaba mini Alaramma, ni kuma na rama da Fasto, alhali shi ba fasto ba ne, ni ma ban sauke Alƙur'ani da ka ba.

A Abijan wani Alhaji mutumin wajen Tawa ya ɗauke mu aiki a kasuwar katako. Aikin ɗauka ne. A sauke katako daga mota a kai rumfa, ko a kai wa mai saye har inda yake gini. Dogon katako mutum ɗaya ba ya ɗaukarsa, sai biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, kowa da gammo a kafaɗa. Abin da baƙo bai sani ba shi ne, in ƙafafunku ba su tafi tare ba, katakon sai ya yi ta tsalle yana cin kafaɗa. Makon farko kafaɗata ta saluɓe har riga na mannewa.

Ishaya ya ce, "Alaramma, kai tafiyar mai zuwa ɗaurin aure kake yi. Bari in shiga gaba. Ka daina kallon ƙafata, ka saurara kawai."

Sai ya fara wani ɗan amo baki rufe, ta hanci, ba kalma ko ɗaya. Taku huɗu ya hau, taku huɗu ya sauko, a wani wuri ya ɗan ja shi, nan ne muke sauya kafaɗa. Ƙafata ta kama. Katako ya kwanta lif. Tun daga ranar haka muke aiki, shi gaba ni baya, cikin ruwan saman garin nan da ba ya gajiya, cikin taɓo, cikin hon ɗin motoci. Har ni ma na riƙa tayawa ban sani ba. Ban taɓa tambayarsa ko amon mene ne ba. Na ɗauka abin 'yan dako ne.

Ɗaki ɗaya muka kama, na katako da kwano. Lahadin farko da safe yana goge takalminsa sai ya ɗaga murya da wata waƙa ta majami'arsu, da Faransanci, na ji sunan da suke kiran Annabi Isa da shi a ciki. Na ɗauki butata na fita, ban dawo ba sai da ya tafi. Lahadi ta biyu ma haka. Ta uku bai yi waƙa ba. Bai ƙara yin waƙa a ɗakin ba har abada, kuma bai taɓa yi mini maganar ba.

Ba wai zama ya ɓaci ba ne. In azumi ya zo, ba ya cin komai a gabana, kuma in muka tashi aiki shi yake rigana zuwa sayo ƙanƙara. Da zazzaɓi ya kayar da ni mako guda, shi ya nemo mini gero a garin da gero ya fi nama wuyar samu, ya dama mini kunu da hannunsa. Kunun ya yi gudaji, na gaya masa, ya ce, "Sha, Alaramma, ƙwarin wakenku ma mun ci ba mu mutu ba."

Wata Lahadi na bi ta kusa da majami'arsu zan je gaisuwa. Wani dogon ɗaki ne na bulo, tagogi a buɗe. Na ji ganga, na ji kacau-kacau, na ji muryoyi sun rabu kashi-kashi, mata a sama, maza a ƙasa, amma duk sun haɗu wuri ɗaya. Na sa sauri na wuce. Da yamma muna cin acheke, wato garin rogon da suke ci da kifi, na kasa haƙuri.

"Fasto, wai ku ibada kuke ko biki? Mutum zai tsaya gaban Ubangijinsa da ganga?"

Ya tsame hannu daga kwano. "In za ku yi salla, me liman yake cewa kafin ya tayar?"

"A daidaita sahu."

"To mu ba mu da sahun kafaɗa. Muryar ce sahunmu. Ka ga ɗakin can, akwai Bawule, akwai Bete, akwai mutanen Togo, ga ni Bahaushe ɗaya tilo. Wa'azin fasto rabinsa ba na ganewa. Amma in aka ɗauki waƙa, na san inda zan tsaya, na san wanda ke gefena. Tsohuwar da ba ta iya karatu ba, a waƙa take haddace littafi. Wanda kuka ya toshe wa baki ya kasa addu'a, sai sauran su yi da muryarsu, shi ya jingina."

Na ce, "Mu dai Alƙur'ani ya ishe mu."

"Ban ce bai ishe ku ba." Ya ci gaba da cin abinci. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Akwai wata ta Hausa, innata ce ta yi ta. Ba wanda ya san ta sai matan majami'armu ta Dungas. A nan ban taɓa yi wa kowa ita ba, ba mai jin Hausa. In kana so wata rana in yi maka."

Na ce, "Bar ta dai, Fasto."

Ya ce, "To."

Wannan "to" ɗin har yau ina jin ta.

A shekara ta biyu, wata Litinin da hantsi, ana sauke kaya daga wata babbar mota sai igiyar da ta ɗaure katakon ta tsinke. Ni ina baya kamar kullum. Shi yana gaba. Kayan suka zubo masa a ƙirji. Mu takwas muka ɗaga su kafin muka jawo shi.

A asibiti suka ce haƙarƙari sun karye sun taɓa huhu. Kwana uku ya yi. Numfashinsa kamar ana jan guga a rijiya mai zurfi, magana kuma sai na kai kunne bakinsa. Ranar Laraba bayan la'asar ya ce in kawo alƙalami. Kullum da ɗan littafi a aljihuna, wanda nake rubuta wasiƙun gida a ciki.

"Waƙar innata," in ji shi. "Ina so a sa ni a ƙasa da ita. Ba na so a raka ni da bakin da ban sha a nono ba. Ka kai wa Madam Akisi, shugabar mawaƙanmu."

Na ce, "Za ka tashi, Fasto, ka kai da kanka."

"Rubuta, Alaramma."

Ba ya iya rerawa. Kalma ɗaya ɗaya yake fitarwa, yana hutawa tsakani. Na rubuta:

Na yi nisa da gida, rana ta yi,
Kayan da ke kaina ya yi nauyi.
Makiyayi, ka san sunana,
Kira ni da shi in sauke.

Da ya zo baiti na biyu, kalmar farko ta tsayar da alƙalamina. Ya lura. Ya ce, "Rubuta yadda na faɗa. Ba taka ba ce, tawa ce, ajiya na ba ka." Na rubuta:

Yesu, in ƙafa ta gaza a hanya,
Kai ne gaba, ni ina baya.

Baiti biyar ne duka. Da muka gama na karanta masa, ya gyaɗa kai. Sai wani abu ya faɗo mini. Na ce, "Karin fa? Yaya ake rera ta?"

Ya yi ƙoƙarin murmushi, wushiryar nan ta bayyana. "Ka san shi."

"Ban taɓa jin ta ba, Ishaya."

"Ka san shi," ya sake cewa, tari ya sarƙe shi, ma'aikaciyar asibiti ta ce in fita. Na ɗauka zafin ciwo ne yake sa shi magana. Washegari da hantsi ya cika, hannunsa cikin nawa.

Ranar Juma'a bayan an sauko na tsayar da limamin masallacin 'yan kasuwarmu, wani tsoho mutumin Damagaram, na gaya masa komai. Ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce, "Malam Habu, amana aka ba ka. Ka kai ta inda aka ce. Ba a ce ka yi ibadarsu ba, an ce ka isar da saƙo. Je ka, ka riƙe zuciyarka."

Na tsaya a ƙofar majami'ar nan na rasa ko takalmi ake cirewa. Wata mace gajera kakkaura ta fito, idanunta sun kumbura. Ita ce Madam Akisi, mai soya ayaba a bakin titi. Da guntun Julanci, yaren kasuwar garin, da guntun Faransanci muka fahimci juna. Ta kama hannuna biyu ta ce Ishaya ne ƙasan muryarsu, tun ranar Litinin waƙarsu ba ta da gindi.

Mawaƙan suna zaune a benci, kusan su ashirin. Na buɗe littafina. Suka leƙo suna mamakin rubutun da ke tafiya daga dama. Ina karantawa, Madam Akisi tana rubutawa da boko a allo, suna maimaitawa. "Sauke" ta ba su wuya, "nauyi" ta fi. Muka yi ta yi har bakinsu ya faɗa. Na yi musu bayanin ma'ana gwargwadon iyawata, na ɗora hannu a ka kamar mai kaya, na sauke. Wata yarinya a cikinsu ta rufe fuska da zane.

Sai Madam Akisi ta juyo, ta ɗaga hannu sama ta saukar, ta yi ɗan amo, ta nuna ni. Karin take tambaya.

Na dubi takardata. Ga baƙaƙe, ga wasula, ban bar ko ɗigo ba. Amma ajami kalma yake ɗauka, ba ya ɗaukar murya. Ranar na san haka. Mutumin nan ya so ya ba ni waƙar da bakinsa lokacin da ƙirjinsa ke da ƙarfi, na ce ya bar ta. Na tsaya gaban mutum ashirin da mai ganga ya ɗora hannu a fata yana jira, na ce, "Ban sani ba."

Madam Akisi ta ce gobe da safe za a binne shi. Ta ce su waƙa ba a karanta ta, in ba kari, ba za ta shiga kabari da shi ba. Ta ce in ba su ko wane iri ne, in dai daga ƙasarsu ya fito.

Kari ɗaya na sani a duniya, wanda mahaifina yake rera waƙoƙin wa'azi da shi a zaure. Na rufe ido na ɗora kalmomin innar Ishaya a kansa. Ba su zauna daidai ba, wani wuri sai na ja, wani wuri na haɗiye. Na yi sau uku. A na huɗu matan suka ɗauka, sannan mazan suka shigo ta ƙasa. Mai ganga ya gwada, ya ga ba wurin ganga, ya ajiye.

Da shi aka binne shi ranar Asabar, a wata maƙabarta mai jar ƙasa. Na tsaya daga gefe, ni da Alhaji da 'yan dako shida. Mutanen da ba Hausawa ba suna rera Hausa da karin zauren mahaifina a kan ɗan Dungas. Mutane suka yi ta kuka, suna zuwa suna riƙe hannuna suna godiya. Ni kuwa na san abin da na ba su ba shi aka ba ni ba.

Na ƙara wata bakwai a kasuwar. Aka haɗa ni da wani Bazabarme, mutumin kirki, amma ƙafarmu ba ta taɓa tafiya tare ba. Kafaɗata ta koma saluɓewa. Da damina ta matso na tattara na dawo.

Kwana uku na yi a Yekuwa, na hau kabu-kabu zuwa Dungas da jakar Ishaya a cinyata. Labarin rasuwar ya riga ni da daɗewa, ta waya. Aka nuna mini gidan. Innarsa, Saratu, tsohuwa ce siririya, idonta ya fara hazo. Na same ta a gindin bishiyar bedi tana tsintar wake a faifai.

"Kai ne Alaramman?" ta ce. "Zauna, ɗana. Duk wayar da zai yi sai ya ce Alaramma ya ce kaza."

Na yi mata gaisuwa, na ce Allah ya ba da haƙuri. Ta shafa jakar, ba ta buɗe ba. Ta tambayi ko ya sha wuya, na ce kwana uku ne. Ta tambayi ko an yi masa waƙa.

"An yi, Inna. Taki aka yi."

Hannunta ya tsaya a cikin waken. "Tawa? A can? Wa ya kai ta?"

Na ciro littafin na gaya mata yadda aka yi, ban ɓoye komai ba, har butar da nake ɗauka in fita, har ranar da na ce ya bar ta. Ta ce, "Yi mini yadda suka yi."

Na yi mata baitin farko da karin mahaifina. Ta saurara har ƙarshe. Sai ta yi 'yar dariya, hawaye na bin kuncinta. "Wayyo Ishaya. An raka ka da karin malamai." Ta share fuska da gefen zane. "Ba laifi, ɗana, kalmomin sun isa. Amma ba haka take ba. A hanyar rijiya na yi ta, shekarar da ubansa ya rasu, tulu a kaina, shi a bayana. Tafiya ce da ita. Ji."

Ta ajiye faifan, ta kife ƙwarya, ta fara bugawa da yatsu. Ta buɗe baki.

Taku huɗu ya hau. Taku huɗu ya sauko.

Kafin ta kai ƙarshen layin farko kafaɗata ta dama ta amsa. Na ji nauyin katako, na ji warin ɗanyen itace da ruwan sama, na ga ƙeyarsa da zufa ke bi. Ban san lokacin da na fara ba, baki rufe, ta hanci. Da muka zo wurin da ake ja, wurin sauya kafaɗa, na riga ta.

Ta tsaya. Ƙwaryar ta yi shiru.

"Wa ya koya maka?"

Shekara biyu, tun safe har yamma, yana yi mini ita. Ya cire kalmomin ne don kada in ɗauki buta. Ya gaya mini a asibiti, sau biyu, na ce zafin ciwo ne. Na tsaya gaban mawaƙan nan na ce ban sani ba, alhali tana cikin ƙafata.

"Shi ne, Inna," na ce da kyar. "Da ita muke ɗaukar kaya."

Ta daɗe tana kallon wajen da nake. Sannan ta jawo ƙwaryar kusa.

"To tun da aka binne shi ban iya kai ta ƙarshe ba, murya tana yanke mini a baiti na biyu. Riƙe mini ƙasan, yadda yake yi. Ba sai ka faɗi kalma ba."

Abin da ke tsakanin Ishaya da Ubangijinsa ba ni aka ba wa sani ba, kuma ban bar addinina ko da taku ɗaya ba. Allah shi ne masanin abin da ke cikin ƙiraza, gare shi nake neman gafarar abin da na yi daidai da wanda na kuskure. Amma ranar nan a gindin bedi na rufe bakina na riƙe mata. Ita gaba, ni baya, har baiti na biyar.